Yadda Za Ka Tashi Ɗan Haya In Za Ka Sayar da Gidanka a Sakkwato

Da farko ɗauko takardar yarjejeniyar haya ka karanta. In kun rubuta wa'adin tashi a ciki, shi za ka bi. In babu, ɗan hayar shekara wata 6 ake ba shi, na wata uku wata 3, mai biyan wata-wata kuma wata 1.

Kafin ka ba ɗan hayan takardar tashi, je ka same shi ku zauna, ko ka tafi da mai unguwa. Gaya masa gidan za ka sayar, ka kuma fara yi masa tayi, don wataƙila shi ne mai sayen. Da yawa a nan maganar ke ƙarewa.

In ba ta ƙare ba, sai ka ba shi notis, wato sanarwar tashi, a rubuce, da kwanan wata, a gaban shaida, ka ajiye kwafi. Ni dai ina ganin gara lauya ya rubuta, domin kuskuren lissafin kwana na iya rushe ƙara. Kada ka karɓi kuɗin sabon zango bayan haka.

Wa'adi ya cika bai fita ba? Ba shi wata takarda ta kwana 7 cewa za ka je kotu, sai ka shigar da ƙara. Kotu ce kaɗai ke fitar da mutum. Kada ka kware rufi, ko cire ƙyaure, ko yanke wuta. In ka yi haka, kai za ka biya diyya.

In mai saye ya yarda, kana iya sayarwa da ɗan hayan a ciki, ku rubuta haka a takardar ciniki.