Kalmar "reclaim": wuraren da masu koyon Turanci suka fi yin tuntuɓe

Kafin ka rubuta "reclaim", tambayi kanka: abin nan da ma nawa ne? In ba naka ba ne tun asali, ajiye kalmar. Ana amfani da ita ne idan mutum ya karɓo abin da ya taɓa mallaka, ya kuɓuce masa ko aka ƙwace. Andy Ruiz ya doke Anthony Joshua a New York a watan Yunin 2019, ya tafi da kambunansa na dambe. A Disamban shekarar, a Saudiyya, Joshua ya ƙwato su. Nan "Joshua reclaimed his titles" ta zauna daram. Shi kuwa Ruiz, da yake bai taɓa riƙe su ba, "won" ko "claimed" za a ce.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne juya alkiblar kalmar. Mutum ya sayi waya a kasuwa, ya je gida ta ƙi kamawa, ya dawo shagon ransa a ɓace yana ce wa mai shagon "reclaim my money". Ai mai shago ba ya karɓowa, mayarwa yake yi, kalmarsa ita ce "refund" ko "return". Hausa ta riga ta raba mana wannan gardama: "mayar" daban, "karɓo" daban. Wannan "o" na ƙarshen karɓo da ƙwato shi ke nuna abin yana dawowa wurin mai aikin, kuma can "reclaim" take fuskanta. Mai abu ne ke yin ta, ba wanda abin ke hannunsa ba.

Kada ka ƙara mata "back". "Re" ɗin da ke farkonta ya gama wannan aikin.

Gonar da aka ba da jingina kuwa, ranar da aka biya kuɗin aka fanso ta, "redeem" ce ta fi dacewa. Wanda ya tashi daga ciwo "recover" ya yi.

Akwai wurin da sharaɗin mallaka yake sassautawa, wato maganar ƙasa. Idan aka janye ruwa ko aka cike teku da yashi har wurin ya zama abin gini ko noma, shi ma "reclaim" ake cewa. Haka mutanen Holan suka samar da Flevoland, wadda ta zama lardi a 1986, haka kuma aka gina Eko Atlantic a gefen Victoria Island a Legas. Sunan wannan aiki "reclamation", kuma a nan ɗalibai da yawa suke asarar maki a jarrabawa, domin suna rubuta "reclaimation". Harafin "i" na "claim" faɗuwa yake yi, kamar yadda yake faɗuwa a "proclamation" da "exclamation".