Kafin ka kai yara wuraren wasa na Dubai da Abu Dhabi, fara auna tsawonsu

Na daɗe ina zuwa Dubai sarin kaya, amma iyakata Deira: daga masauki zuwa shagunan Naif, daga nan wurin masu kago, sai filin jirgi. Ranar da uwargida ta ce wannan karon ƙafata ƙafarta, da ita da yara uku, kuma wuraren wasa za a kai su, a ranar na gane ashe ban san garin ba. Na shiga tambaye-tambaye da kallon bidiyo, sai na faɗa cikin wani musu da ba ya ƙarewa.

Kowa da gwaninsa. Masoya Disney sun rantse babu abin da ya kama ƙafar wurinsu na Orlando a Amurka, wanda aka buɗe tun 1971. Masoya Universal kuma su ce Disney tsohon suna yake ci, kuɗi kawai yake ƙarawa, ballantana da suka sami sabon wurinsu Epic Universe a watan Mayun 2025. Akwai kashi na uku da ba ruwansu da sunan kowa, su dai a ba su jirgin da zai wuntsila su sama ya dire su ƙasa hanji na kaɗawa. Musun da daɗin saurare, amma ka lura da masu yin sa: yawancinsu manya ne da suke zuwa su kaɗai, sau biyu sau uku a shekara. Kai kuwa kana riƙe da hannun ɗan shekara huɗu, ga kuɗin da ka yi wata da watanni kana tarawa.

Saboda haka abu na farko, tun kana gida, ka jingina kowane yaro da bango ka auna tsawonsa da tef ɗin tela, ka rubuta a waya. A waɗannan wurare yawanci ba shekaru ake tambaya ba, tsawo ake dubawa. A bakin kowane injin wasa akwai sanda ko allo mai alama, kuma manyan jiragen yawanci suna neman santimita 120 zuwa 140. Ni ban san haka ba. A wani wurin da muka je, ɗana na tsakiya ya yi sati yana mafarkin wani jirgi da ya gani a bidiyo. Muka isa bakin layin, ma'aikaciyar ta tsayar da shi jikin sandar, saura kamar yatsa biyu ya kai. Ya yi ɗage, ta yi murmushi ta nuna masa ya sauke dunduniya. Ya juyo ido cike da ƙwalla ya ce, "Baba, ka gaya mata fa na kusa shekara tara." Ita ce da gaskiya, don ƙarfen da ke riƙe mutum ba zai kama ƙaramin jiki ba. Amma cikakken kuɗin shiga na biya masa, rabin wunin kuma a kan benci ya yi shi yana kallon yayarsa. Kowane wuri yana wallafa tsawon da injinansa ke nema a shafinsa, sai ka ƙirga guda nawa ɗanka zai iya hawa kafin ka ciro ko sisi.

Da wannan awon za ka zaɓi wuri. Idan yaranka ƙanana ne, Legoland da ke Dubai Parks and Resorts ta wajen Jebel Ali don su aka gina shi, 'yan shekara 2 zuwa 12. Saurayi ɗan shekara goma sha biyar kuwa hamma zai yi ta yi a can. Shi Ferrari World ne nasa, a tsibirin Yas na Abu Dhabi, wanda aka buɗe a 2010. A can Formula Rossa yake, jirgin da ke kai gudun kilomita 240 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa biyar, har sai an ba ka tabarau ka sa saboda iska da ƙura. Na hau sau ɗaya, kuma duk addu'ar da na haddace tun ina makarantar allo sai da ta fito.

Ga gida irin nawa, mai babba da matsakaici da ƙarami, ni Warner Bros. World na fi yabawa. Shi ma a Yas yake, an buɗe shi a 2018, gabaɗayansa a rufe yake cikin sanyin iyakwandishan, an zana rufin kamar sararin samaniya da yamma. Yara sun san Tom da Jerry tun daga talabijin ɗin gida, manyan kuma ga ɓangaren Batman da Superman. Masu son gudu suna raina shi, wai majigi ya yi yawa, a zaunar da kai a kujera ana jijjiga ka kana kallon allo. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu, amma ni ranar ce kaɗai babu yaron da aka bari a benci. Sai dai ka kula, mai saurin jiri ya yi hankali da wasannin da ake sa tabarau na musamman. Wasa ɗaya uwargida ta shiga ta ce ta yafe sauran. IMG Worlds of Adventure shi ma rufaffe ne, yana cikin Dubai, da jaruman Marvel da na Cartoon Network. Motiongate, wurin wasa na jaruman finafinan Hollywood, yana maƙwabtaka da Legoland, wani ɓangarensa a rufe, wani a fili.

Maganar rufi ba ƙarama ba ce. Dogon hutun makarantunmu yana faɗowa Yuli da Agusta, daidai lokacin da zafin can ke haura digiri 40, ga wani gumi mai danƙo da ko Maiduguri ba ta san irinsa ba. A wannan lokacin rufaffen wuri kawai za ka nufa. Na fili sai Disamba zuwa Fabrairu, kuma a lokacin sanyin ne Global Village, kasuwar baje kolin ƙasashe da ke Dubai, ke ci, inda kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba.

Rana ma a zaɓe ta. Tun 2022 hutun ƙarshen mako a ƙasar ya koma Asabar da Lahadi, Juma'a kuma rabin wuni ake aiki. Ka je Litinin zuwa Alhamis, ka isa kafin a buɗe ƙofa, ka zarce can ƙurya wurin babban jirgin tun mutane suna ɗaukar hoto a bakin shiga. Idan ka yi haka, da wuya ka buƙaci tikitin tsallake layi da za a yi ta tallata maka.

Yanzu kuɗi. A manyan wuraren tikitin mutum ɗaya na wuni ɗaya ya haura dirhami 300, dirhami kuwa a ɗaure yake da dala, 3.67 kowace dala. Mu biyar ke nan mun haura dirhami 1,500, sama da dala 400, ba a sha ko ruwa ba. Ka buga wannan da canjin ranar ka ga abin da ya zama a naira. Saye ta intanet ya fi sauƙi a kan saye a bakin ƙofa, haka ma tikitin haɗaka na wurare biyu ko uku. Amma kada arha ta ja ka cusa wuri biyu a rana ɗaya. Ƙafar yaro ba za ta ɗauka ba, taka ma haka.

Abin da ya fi cin aljihuna ba tikitin ba ne. Daga Deira zuwa Yas ya fi kilomita 100, kuɗin tasi zuwa da dawowa abin lissafi ne. Idan wurare biyu za ku shiga a can, kwana ɗaya a tsibirin ya fi. Abinci a ciki da tsada, don haka ku ci ku ƙoshi kafin ku fito, a ciki a yi ci ɗaya. Sai babban tarkon: kusan duk injin da ka sauka, hanyar fita ta cikin shagon kayan wasa ta ratsa, ga hotonka baki buɗe a allo ana jiran ka saya. Mu tun a masauki muka yi yarjejeniya, kowa abu ɗaya, kuma sai za mu fita. Tsarabar 'yan gida kuwa a Deira na haɗa ta.

Ta fannin salla babu damuwa, akwai ɗakunan salla na maza da na mata, abinci kuma na halal ne. Sutura ce abin lura. Babbar riga ta zauna a akwati, ƙaramin kaftani ko riga da wando sun isa. Mata su sa hijabin da ke kama kai su soke bakinsa cikin riga, gyale ba ya jure iskar nan. Hula kuma a cire ta a ajiye tare da waya. Tawa zanna bukar ce sabuwa fil, na manta tana kaina, a kwanar farko muka rabu.

A watan Mayun 2025 Disney da kamfanin Miral suka sanar za su gina wurin Disney a tsibirin Yas, babbar 'yata kuma tun ranar take cewa mu jira shi. Irin wannan gini shekaru yake ɗauka, lokacin wataƙila tana jami'a. Ƙanenta dai, ɗan nan nawa na tsakiya, bai shiga wannan musun ba. A jikin ƙofar ɗakinsu ya ja layi da fensir daidai santimita 140, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya cire takalmi ya kira ni in duba.