In modal ɗin Cox ya ƙi cika sharaɗinsa, ga yadda za ka yi

Modal ɗin da David Cox ya fito da shi a 1972 don nazarin tsawon lokacin da ake ɗauka kafin abu kamar mutuwa ya faru yana da sharaɗi guda da mutane ke yawan tsallakewa, wato rabon haɗari tsakanin rukuni biyu, hazard ratio ko HR kenan, ya zauna yadda yake tun farkon bibiya har ƙarshe. To ba kullum ake samun haka ba. Ɗauki babbar tiyata, makonnin farko haɗarin mutuwa na sama sosai, daga baya kuma waɗanda aka yi wa suna iya fin masu shan magani kawai daɗewa, HR ɗaya tal ba zai taɓa nuna maka wannan ba.

Fara da dubawa. A manhajar lissafi ta R, bayan ka haɗa modal ɗin da coxph sai ka yi cox.zph, gwajin Grambsch da Therneau ne na 1994 da ke aiki da ragowar Schoenfeld (ratar da ke tsakanin abin da aka gani da abin da modal ɗin ya zata), a manhajar Stata kuma estat phtest. Amma don Allah kar ka tsaya kan p kaɗai (adadin da gwajin ke bayarwa, wanda in ya yi ƙasa da 0.05 ake cewa sharaɗin ya karye), ka zana giraf ɗin ragowar ka gani da idonka, don in data na da yawa ɗan karkacewa ma sai ya ba ka p ƙasa da 0.05, in kuma kaɗan ne babbar matsala sai ta wuce shiru.

In abin da ya karya sharaɗin ba shi kake bincike a kai ba, kamar asibiti ko jinsi, saka shi cikin strata(), wato a raba data rukuni-rukuni bisa shi, ka wuce. Sai dai ba za ka samu HR ɗinsa ba.

In kuwa shi ne ginshiƙin aikin, nan ne ake zama. Gwada da data ɗin veteran da ke cikin fakitin survival na R, mutum 137 masu kansar huhu. Tasirin makin Karnofsky, wato ma'aunin yadda majiyyaci ke iya hidimar kansa, yana da ƙarfi sosai a farko, sannan ya dushe. Yanka lokacin da survSplit a kwana 90 da 180, kowane zango ya samu nasa HR, ko ka yi amfani da tt() in kana ganin canjin a hankali yake tafiya. Wurin yankan dai ka tsayar da shi tun kafin ka ga sakamako, ba ka yi ta matsawa har p ta yi maka daɗi ba, wannan maguɗi ne.

Ni na fi son RMST, wato matsakaicin tsawon rayuwa cikin wani ƙayyadadden lokaci, in likitoci za a kai wa rahoto. Da fakitin survRM2 na R za ka ce musu cikin shekara 2 wannan rukunin ya fi wancan rayuwa da wata kaza, kuma ba ya buƙatar sharaɗin nan sam.