Dunduniya ce mabuɗi: koyon hawan keken dutse da feda mai kama takalmi

A fili fetal na yi faɗuwata ta farko, keken ma ya riga ya tsaya. Na matse birki, na ɗaga ƙafa zan sauke kamar yadda na saba tun ina yaro, ƙafa ta ce ba inda za ta. Na tafi luuu, ni da keke, tim da ƙasa. Kusan duk wanda ya koyi wannan feda ya yi irinta, kuma dalilin ɗaya ne: ƙafa ta saba ɗagowa sama, ita kuwa fedar ba ta san wannan yaren ba.

A tafin takalmin akwai wani ɗan ƙarfe da ake ce wa kilit, an ɗaure shi da kusoshi biyu. Fedar kuma tana da baki mai sifirin. In ka taka, sai ka ji ƙas, ta kama. In ka ja sama ba ta saki. Sai ka juya dunduniya waje, kamar mai murje wani abu a ƙasa da tsinin takalmi, sannan ta sake ka. Daga wasan zamiya a kan ƙanƙara aka aro dabarar. Kamfanin Look na Faransa ya fito da ita don keken titi a 1984, ɗan tseren keke Bernard Hinault ya ci gasar Tour de France da ita a 1985. Mu masu hawan duwatsu sai 1990 rabonmu ya zo, da kamfanin Shimano ya kawo fedarsa mai suna SPD, wadda ƙarfenta ke nutsewa cikin tafin takalmi. Ba ƙaramin abu ba ne wannan, don a daji dole wata rana ka sauka ka tura keke.

Kafin ka hau, zauna da alanki ka yi saiti. Rabin wahalar nan ne ake kashe ta. In SPD ka saya, kilit iri biyu ne. SH51, baƙin nan, yana saki ne kawai in ka juya dunduniya gefe. SH56, mai launin azurfa da harafin M a jiki, yana saki ko da ka fizge ƙafar a karkace sama, wato irin fizgar da mutum ke yi in ya tsorata. Da shi za ka fara. Ni girman kai ya sa na fara da baƙin, gwiwata ce ta biya kuɗin.

A jikin fedar akwai ƙaramar kusa mai alamar ƙari da ragi, galibi alanki mai milimita 3 ke kama ta. Juya ta zuwa ragi har ta kusa ƙurewa. Kowace feda fuska biyu gare ta, kowace fuska da kusarta, huɗu ke nan. Kada ka sassauta uku ka manta ɗaya, don wadda ka manta ita za ta kama ka ranar da kake gaggawa. Fedar kamfanin Crankbrothers ba ta da wannan kusar, ita a can yadda ka ɗaura kilit ɗin ne ke nuna ko za ta saki in ka juya dunduniya digiri 15 ko sai 20. (Kuma fedar hagu zarenta a juye yake, hagu ake murɗa ta ta ɗaure.)

Wurin zaman kilit shi ne ƙarƙashin tudun nan na gindin babban yatsa, ko ɗan baya da shi kaɗan. Ni na fi son baya, don ƙafa ta fi zama daram a gangare kuma sha-raɓa ba ta saurin gajiya. Shafa giris a kusoshin, ka ɗaure su tamau, ka sake dubawa bayan hawa biyu ko uku. Na taɓa yin sakaci kusa ɗaya ta fita a hanya. Ina juya dunduniya takalmi na juyawa, ƙarfen yana nan maƙale a feda. Sai da na jingina da itace na zare ƙafata daga takalmin, na bar shi yana reto.

To, yanzu koyo. Nemi bango ko bakin ƙofa ka dafa. Hau sirdi, sa tsinin ƙarfen a bakin feda, danna ƙasa, ƙas. Juya dunduniya, fita. Yi haka sau hamsin da kowace ƙafa, ido na kallon gaba. Zai gundure ka tun a na ashirin, amma ci gaba, so ake ƙafa ta haddace abin ba sai ta jira kai ya tuna ba. Za ka lura fita ta fi sauƙi in feda tana ƙasa, ƙafa a miƙe.

Daga nan sai fili mai ciyawa, da hular kwano da safar hannu. Wajen tashi, maƙala ƙafa ɗaya, ɗago fedar gaba da sama kaɗan, taka da ƙarfi. Ɗaya ƙafar a ɗora ta kawai a ci gaba da tuƙi, in keke ya samu gudu sai a neme ta. Masu koyo kan sunkuya suna lalube alhali keken bai tafi ba. Wajen tsayawa, da sauran taku goma ka fitar da ƙafa, tun kafin birki ya gama aikinsa. Zaɓi ƙafa ɗaya ta zama ta sauka kullum. Tawa hagu ce, saboda sarƙa da na'urar canza giya suna dama, faɗuwa a can ta fi ɓarna. Sannan ka karkata keken wajen ƙafar da ka fitar. Abin dariya ne, amma ana fitar da hagu a faɗi dama. In ka ɗan juya kan keken zuwa ɗaya ɓangaren daidai lokacin tsayawa, da kansa zai kwanto wajen ƙafar da ke jira.

Ranar farko a daji, bi hanyar da ka sani kamar tafin hannunka, wadda har ta yi maka sauƙi da yawa.

A hawan tudu ake shan ƙasa. Gudu ya ragu, tayar baya ta zame a kan saiwa ko tsakuwa, keke ya tsaya cak, kai kuwa duk ƙarfinka yana kan feda. Rage giya tun kana gindin tudun. In ka ji ƙarfi na ƙarewa, yanke shawara da wuri: fitar da ƙafa ka sauka da mutuncinka. Taku biyun nan na ƙarshe da kake ganin za su fisshe ka, su ne ke kayar da mutum. In kuma faɗuwar ta zo, riƙe kan keken, ka bar kafaɗa da cinya su karɓa. Miƙa hannu don tare ƙasa shi ke karya wuyan hannu da ƙashin nan da ke tsakanin wuya da kafaɗa.

Akwai wata dabarar tsoro da na daɗe ina yi: in na hango wuri mai duwatsu sai na fitar da ƙafa na ɗora ta a kan feda, wai don shirin ko-ta-kwana. Ƙarfe a kan ƙarfe santsi ne da shi, dutsen farko ke watsar da ƙafar. Ko dai ka shiga a maƙale, dunduniya a ƙasa, gwiwa a sake, ko ka sauka ka tura. Tsakanin biyun nan babu wurin tsayawa. Taɓo kuma in ya cushe ƙarfen, buga takalmin a gefen feda sau biyu. Ciwon gwiwa bayan hawa alama ce ta kilit ya karkace, ka gyara shi ya bi yadda ƙafarka ke zama da kanta.

Bayan makonni za ka fara jin ƙafa na fita ba ka sa ta ba, a kwana ko in keke ya yi tsalle. Sifirin ya yi maka laushi ke nan. Ƙara masa ƙarfi, danna ɗaya a kowace fuska, ka hau ka ji. In ka kai tsakiya har yanzu tana fita, lokacin baƙin kilit ya yi, kuma ranar da ka ɗaura shi ka koma jikin bangon nan ka sake yin hamsin ɗinka.