Yadda nake haɗa sakamakon bincike da yawa wuri guda

Wata ɗalibata daga Tudun Wada ta shigo ofis da jaka cike da takardun bincike, duk a kan gidan sauro da zazzaɓin cizon sauro. "Malam, wannan ya ce yana kare yara sosai, wancan ya ce kaɗan. Wanne zan ɗauka?" Na ce, "Duka za ki ɗora a sikeli." Aikin da Gene Glass ya raɗa wa suna meta-analisis a 1976 ke nan.

Kada ka fara da manhajar meta-analisis. Buɗe Excel tukuna, kowane bincike layinsa: marubuci, shekara, yawan mutanen kowane rukuni (masu gidan sauro da marasa shi), da waɗanda suka kamu. In awo aka yi, kamar nauyin jiki, sai ka rubuta matsakaici da SD, wato yadda awon mutane ya bazu daga matsakaicin.

A nan ake zamewa. Wasu takardun SE suke bayarwa, wato ma'aunin rashin tabbas na matsakaicin, wanda ya fi SD ƙanƙanta, kai kuma ido ya gaji ka kwafe shi a gurbin SD. Ni ma ya taɓa cin ni, wani dare a Malali ina sauri kafin batir ya mutu. Sai ga ɗan ƙaramin bincike ya danne manya, ya kwashe nauyin lissafin, manhaja kuwa ko tari ba ta yi ba. Gyaran ba wuya: in mutum 100 ne a rukunin, ninka SE sau 10 ka samu SD, in 49 ne, sau 7, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka yawan mutanen.

Sai zaɓen kayan aiki. Stata da Comprehensive Meta-Analysis na kuɗi ne, da dala kuma. RevMan na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya, ya koma kan intanet, kuma kowa ya san halin data. Ni R, manhajar lissafi da ake rubuta wa umarni, nake amfani da shi, da kunshin metafor na Wolfgang Viechtbauer. Kyauta ne, da ka sauke shi an gama. Wanda rubuta umarni ke ba shi tsoro ya sauke jamovi ya ƙara masa MAJOR, a kan metafor ɗin aka gina shi, dannawa kawai.

Adana teburinka na Excel a CSV, fayil na rubutu zalla, ka shigar a R. Umarni uku ne: escalc ya fitar da girman tasirin kowane bincike, rma ya haɗa su, forest ya zana. Kowane bincike zai fito da ɗan akwati, girmansa gwargwadon nauyinsa, a ƙasa kuma ga daiman, jimillar ke nan. In daiman ya taɓa layin tsaye, wanda ke nuna babu bambanci tsakanin rukunonin, ba a tabbatar da bambanci ba. Lura, in rabon haɗari kake aunawa, wato haɗarin kamuwa na wannan rukuni a raba da na wancan, da logaritim yake zuwa, layin na kan 0; saka atransf=exp a forest ya koma 1.

Kafin ka yi murna, duba I². Shi ke nuna yadda binciken suka sha bamban, ana ɗaukar 25, 50 da 75 cikin ɗari a matsayin kaɗan, tsaka-tsaki da mai yawa. In ya haura 75, koma takardu: wataƙila ka gwama binciken damina da na rani, ko na jarirai da na manya. Zanen mazurari kuwa, wanda ake duba alamar ko akwai binciken da ba a wallafa ba da shi, in bincikenka bai kai 10 ba, bar shi.

Ita dai ɗalibar na ce ta nemi abokiyar karatunta ta cike teburin daban, ba tare da ta ga nata ba, su gwada ranar Litinin.