Kurakuran da Ake Yi Wajen Sayen Kayan Ƙafar Gaba na Tsohuwar Mota

Mota ta fara ƙwanƙwasa a gargada, mai ita ya ruga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ko Panteka ya ce a haɗa masa kayan ƙafa, bayan wata biyu ƙarar ta dawo. Abin ya ishe ni gani, kuma kusan kullum kurakuran iri ɗaya ne.

Mafi muni shi ne neman araha a bol jon, wato mahaɗar ƙarfe mai kan ƙwallo da ke riƙe ƙafar taya tana juyawa a kai. Kowane kaya ana iya lallaɓawa, ban da wannan. Ɗauki Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda ake kira EOD. Shokobzoba da sifirin ɗinta a kan hannun ƙasa suke zaune, wato ƙarfen da ke haɗa ƙafar taya da jikin mota ta ƙasa, saboda haka nauyin gaban motar ta bol jon na ƙasa yake bi. Ranar da ya fice, taya ta kwanta ke nan, wani lokaci har ta zare shaf. In a cikin gari ne da sauƙi, a kan babban titi kuwa maganar rai ake yi. Duk da haka sai ka ga mutum ya sayi ɗan Beljiyam da bai san shekarunsa ba, ko ya bar bakanike ya cusa leda a cikin tsohon, ya bubbuga shi da guduma wai ya matse. Haba malam! Ƙarfen da ya riga ya cinye, leda ce za ta mayar masa da nama? Ni dai sabo nake saye, samfurin 555 ko CTR, a shagon da zan iya mayarwa, domin jabunsu sun cika kasuwa. Ka juya sandarsa da hannu: na kirki da ƙyar yake motsi, kuma ba ya girgiɗi. Robarsa ta kasance mai laushi ba tsagewa, don da ta tsage ƙura da ruwa sun shiga, giris ya zama yashi. Bayan an ɗaure notin a sa sabon fil ɗin da ke hana shi kwancewa, kada ka yarda da ƙusa ko guntun waya.

Na biyu laifin ɗauri ne, amma kan kaya ake ɗora shi. Ana sa sabon bush, wato robar da kusoshin hannu ke ratsawa, ko sabon hannu mota tana kan jak, taya na reto, sai a ɗaure kusoshi tamau. Da an sauke ta, robar ta murɗe, kuma a murɗe za ta zauna har ta yage. Mai mota ya koma yana zagin mai shago, alhali kayan ba su da laifi. A ɗaura kusoshin sama-sama, a sauke mota nauyinta ya zauna kan tayoyi, sannan a shiga rami a ƙarasa ɗaurewa. In bakanikenka ya ce babu bambanci, tsaya a kansa har ya yi.

Kada ka sayi kaya da sunan mota kawai. Accord ta Amurka daban take da ta Turai, sifirin na V6 kuma ba ɗaya yake da na mai fulogi huɗu ba. Ka je da lambar casis mai harafi da lamba 17, ka riƙe tsohon kayan a gwada.

Shokobzoba bibbiyu ake canzawa, hagu da dama. In Beljiyam za ka saya, sabon fenti ya sa ka zargi. Danna sandar, ka duba tsatsa da yoyon mai.

Sau da yawa ma ba a san abin da ya lalace ba aka je kasuwa. A ɗaga mota, a girgiza taya sama da ƙasa, sannan hagu da dama. Motsin gefe yawanci taya rod ne ko rak en, wato sandunan da ke haɗa sitiyari da taya. A EOD ƙarƙashin hannun ƙasa ake sa jak, in ba haka ba sifirin zai danne bol jon ya ɓoye motsinsa. Ƙaramar ƙwanƙwasa a gargada kuwa, fara duba linkej na sitabilaiza, wato 'yar sandar da ke haɗa ƙafa da ƙarfen da ke rage wa mota karkata a kwana, shi ne mafi araha.

Duk sanda aka taɓa taya rod, hannu ko shokobzoba, a wuce wurin alaimen, inda ake daidaita tsayuwar tayoyi, a ranar. Ƙirga zaren noti da ido bai wadatar ba, gefen taya zai cinye.