Yadda za ka tara mutane su yi zane tare

Kada ka fara da neman gwanaye. Nemo waɗanda kaɗaici ya dama: tsofaffi, masu murmurewa daga ciwo, baƙin da ba su san kowa ba. Takarda, fensir da fentin ruwa sun isa.

Ka zaunar da su a babban tebur guda, kayan aiki a tsakiya. Hira tana ɓarkewa ne idan wani ya ce a miƙo masa jan fenti. Ni dai ba na yarda a zaɓi zanen da ya fi kyau, domin da zarar gasa ta shigo, mai kunya zai daina zuwa.

Tsayar da rana ɗaya a mako, kada ta canza. Wanda bai zo ba, a kira shi a ji ko lafiya.